Hutun Haihuwa da Neman Ƙarinsa: Matsayin Ma'aikaciya a Dokar Ƙwadago ta Nijeriya



Gabatarwa

Manufar wannan lacca ita ce a duba abin da doka ta tanadar wa macen da take aikin albashi idan ta haihu, musamman idan hutun da aka ba ta ya ƙare alhali ita ko jaririnta ba su kai ga ta koma bakin aiki ba. A daidai wannan gaɓa ce mata da dama suke rasa aikinsu, sau da yawa saboda rashin wata takarda guda da ba su san ana bukatarta ba.

Jego a al'ada

Tun kafin zuwan aikin ofis Bahaushe yana da tsarinsa na hutar da mai jego. Budurwar ciki takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, watau ta haihu a gaban mahaifiyarta. Bayan haihuwa akan ɗauke mata girki da daka da sauran aikace-aikacen gida, ta yi wankan jego, ta sha kunun kanwa, sai ta yi arba'in sa'an nan ta fara fita. Idan jiki bai yi ƙwari ba akan ƙara mata kwanaki, ba tare da ta roƙi kowa ba, domin masu ba da hutun su ne masu jinyarta, da idonsu suke ganin halin da take ciki. Wanda ya ɗauki mace aiki kuwa ba ya ganinta. Abin da yake gani shi ne fayil ɗinta, kuma abin da ba ya cikin fayil, a wurinsa bai faru ba.

Asalin dokar

A shekarar 1919 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi taronta na farko a Washinton ta ƙasar Amurka, inda ta zartar da yarjejeniya ta uku, wadda ta hana a sa mace aiki cikin mako 6 na bayan haihuwa, ta kuma ba ta ikon barin aiki mako 6 kafin haihuwar. Mako 6 kwana 42 ke nan, watau arba'in ɗin Bahaushe da ɗoriyar kwana biyu. A 1952 aka sabunta yarjejeniyar a kan mako 12, a shekarar 2000 kuma yarjejeniya ta 183 ta ɗaga shi zuwa mako 14, tare da biyan abin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba.

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974 zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, ta bi sawun tsarin farko ne. Sashe na 54 ya tanadi abubuwa huɗu. Na farko, mace tana da ikon barin aiki idan ta kawo takardar likita mai nuna cewa ana sa ran haihuwarta cikin mako 6. Na biyu, ba a yarda ta yi aiki ba cikin mako 6 na bayan haihuwa. Na uku, idan ta yi wata 6 ko fiye tana aiki a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta a tsawon hutun. Na huɗu, idan ta koma aiki tana shayarwa, tana da rabin sa'a sau biyu a yini domin ba da nono. Dokar ba ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kuɗin asibitin haihuwa ba.

Wanda dokar ta shafa

Sashe na 91 ya taƙaita ma'anar ma'aikaci a kan masu aikin ƙarfi da akawuna, ya fitar da manyan jami'an gudanarwa da ƙwararru. Saboda haka lauya ko manaja a kamfani, hutunta yana cikin yarjejeniyar ɗaukarta aiki da ƙa'idojin kamfanin. Ma'aikatan gwamnati kuma suna da nasu dokokin. Dokokin aikin Gwamnatin Tarayya na 2008 sun ba da mako 16 da cikakken albashi. Jihar Legas a 2014 ta ba da wata 6 ga haihuwa biyu na farko, tare da kwana 10 ga uba. Jihar Kaduna ta amince da wata 6 a 2019. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince da kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu. Abin da ya sa jihohi suka zaɓi wata 6 shi ne shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa a shayar da jariri nonon uwa zalla har tsawon wannan lokaci. Ke nan malamai biyu a gari ɗaya, ɗaya a makarantar gwamnati ɗaya a ta kuɗi, suna iya haihuwa rana ɗaya, amma hutun ɗaya ya ninka na ɗaya. Tambayar farko ga kowace ma'aikaciya ita ce: a ƙarƙashin wace ƙa'ida aka ɗauke ta?

Ƙarin hutu: hakki da alfarma

Ƙarin hutu iri biyu ne, kuma haɗa su shi ne tushen yawancin rigingimu. Na farko hakki ne. Sashe na 54 ya hana a ba mace takardar sallama tana cikin hutun haihuwa, ko tana cikin ƙarin kwanakin da ta yi saboda ciwon da likita mai rajista ya tabbatar cewa ciki ko haihuwa ne suka jawo shi, kuma ya hana ta aiki. Ya hana kuma a ba ta sanarwar sallama wadda wa'adinta zai cika tana wannan hutu. Alal misali, wadda aka yi wa tiyata ɗinkin bai warke ba, ko wadda ta yi jijjiga, ko ta zubar da jini mai yawa, duk suna cikin wannan kariya. Amma sharaɗin shi ne takardar likita mai rajista. Shaidar ungozoma ko ta uwar miji, komai gaskiyarta, ba ta cika shi. A lura kuma, kujerar aiki dokar ta tsare mata, ba ta yi alkawarin albashi a kan waɗannan ƙarin kwanaki ba, kuma ba ta faɗi adadinsu ba. A Jamhuriyar Nijar kuwa dokar ƙwadago ta 2012 ta ba da mako 14, ta kuma ƙayyade ƙarin mako 3 idan an tabbatar da ciwo.

Iri na biyu alfarma ce. Idan uwa lafiyarta lau amma ta haifi bakwaini, ko tagwaye, ko ta rasa mai reno, sashe na 54 bai ce kome ba. A nan sai ta nemi a haɗa mata hutun shekara da na haihuwa idan ƙa'idar wurin ta yarda, ko ta nemi hutu ba albashi, ko a rage mata sa'o'in aiki. Mai ɗaukar aiki yana iya yarda, yana iya ƙi.

Yadda ake nema

Kowanne iri ne, a rubuce ake nemansa, kuma tun hutun farko bai ƙare ba. Takardar ta nuna ranar haihuwa, da ranar da aka tsara komawa, da sabuwar ranar da ake nema, da dalili, a haɗa da takardar likita idan akwai. A kai ta ta hannun shugaban sashe, a ajiye kwafi wanda aka buga wa hatimin karɓa da kwanan wata. Saƙon baka ta bakin miji ko abokiyar aiki ba ya shiga fayil. Wadda ta nemi alfarma kada ta ɗauki shiru a matsayin yarda, domin idan ranar komawa ta wuce babu amsa a rubuce, ana iya lissafa ta cikin masu fashin aiki, wanda laifi ne da ake korar ma'aikaci a kansa. Idan aka sallame ta duk da ta cika sharuɗɗa, sai ta fara da ƙungiyar ƙwadagonta, sa'an nan ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharta, daga bisani Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya damƙa wa shari'un aiki.

Kammalawa

Kunya tana hana matan Hausawa da yawa ambaton ciki, balle su kai maganarsa gaban shugaba namiji a rubuce. Wannan ɗabi'a tana da muhallinta a gida, inda akwai masu gane halin mace ba sai ta faɗa ba. A wurin aiki kuwa takan jawo asarar abincin iyali. Ya kamata ƙungiyoyin ƙwadago da malaman asibiti masu awon ciki su riƙa sanar da mata wannan sashe tun ciki yana ƙarami, a cikin harshen da suke ji. Ya kamata kuma 'yan majalisa su waiwayi mako 12 da rabin albashi na 1974, domin macen da ke aiki a masaƙa ko kanti ko makarantar kuɗi, jaririnta yana bukatar wata 6 ɗin nan kamar yadda na ma'aikaciyar gwamnati yake bukata.