Gyambon Kifin Kiwo: Yaya Ake Gane Ƙwayar Cutar?

Wani mai sauraronmu daga Gwaram, mai kiwon tarwaɗa, ya ce kifinsa na ta mutuwa da jan gyambo a jiki, ya zuba musu maganin kaji amma shiru. Yana tambaya, wai yaya masana ke gane ƙwayar cutar da ido ba ya gani? Daga Birnin Kudu ma mun sami irin wannan takarda.

To Malam, Allah ya mayar da alheri. Irin wannan gyambo sau da yawa aikin wata ƙwaya ce mai suna Aeromonas, wadda ke samun ƙarfi idan ruwa ya ƙazanta ko kifi ya yi cunkoso. Amma kallon gyambo kawai ba ya isa a yanke hukunci.

A ɗakin bincike, sai a lakato gyambon ko ƙodar kifin, a shafa a wani faranti mai abincin ƙwayoyin cuta. Kwana ɗaya ko biyu sun tsiro. Sai a rina su da rinin da Hans Christian Gram, mutumin Denmark, ya ƙirƙiro a 1884, a duba da madubin likita: wasu su fito shunayya, wasu ja. Aeromonas ja take fitowa. Yanzu har ƙwayoyin halittarta ake karantawa a gane danginta, in baƙuwa ce a raɗa mata suna. Abin da ya fi shafarka kuwa, a nan ake gwada maganin da ke kashe ta da wanda ta raina.

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. A 2009 wata annoba ta faɗa wa jatan landen da ake kiwo a ƙasar Sin, ta bazu zuwa Biyetnam da Tailan. Sai a 2013 masana a Jami'ar Arizona ta Amurka suka tabbatar wani nau'in Vibrio ne, dangin ƙwayar kwalara. Shekara huɗu fa, da kuɗinsu da kayan aikinsu!

Saboda haka ka dakata da maganin kajin nan, asarar kuɗi ce, kuma yana sa ƙwayar ta daina jin magani. Canja ruwa, rage abinci, kwashe matattun ka binne. Sannan ka kai wa likitan dabbobi kifi mai ciwo da ransa, ba mushe ba, tare da ruwan ramin a kwalba mai tsabta. Akwai kuma cibiyar binciken kifi ta tarayya a New Bussa, Jihar Neja.