Ƙungiyar Malaman Makaranta da Tushenta

Yau idan aka ambaci ƙungiyar malaman makaranta ta ƙasa, wato NUT, yajin aiki ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Alhali tarihinta ya girmi Najeriya mai 'yancin kai.

A 1931 aka kafa ta, bayan ƙungiyar malaman Legas da ta shugabannin makarantun Ijebu sun haɗe. Shugabanta na farko shi ne Israel Ransome-Kuti, mahaifin mawaƙin nan Fela. Bayansa Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin takardar naira goma, ya karɓi ragama.

A Arewa kuwa, Malam Aminu Kano, bayan ya dawo daga karatu a Landan, ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Lokacin malami ma'aikacin En'e ne, ba ya ɗaga murya gaban hukuma. Ni a ganina, wannan ba ƙaramar jarunta ba ce: malamai daga larduna daban-daban suka zauna wuri guda, suna tattauna albashinsu, horonsu da abin da za a koya wa yara.

Sai a 1972 malaman Arewa suka shiga NUT, ta zama ta ƙasa baki ɗaya.