Ruwa Da Wutar Lantarki: Jawabin Taron Ƙarshen Wata

 

Ni dai ba injiniya ba ne, batirin mota nake sayarwa. Dalilin tsayuwata gabanku shi ne, a daminar bara yaron shagona ya tsoma hannu cikin bokiti alhali hita na ciki, wai ya ji ko ruwan ya yi zafi. Wuta ta fizge shi ta maka da ƙasa. Allah dai Ya sa da sauran kwana.

Jama'a, a Islamiyya an karantar da mu cewa ruwan rijiya, ruwan kogi da na teku duk masu tsarki ne, ana alwala da su. Haka ne, babu shakka. Amma tsarki daban, tacewa daban. Tataccen ruwa shi ne wanda aka dafa ya zama tururi, aka tare tururin ya koma ruwa, irin wanda muke ƙara wa batir. Wannan da ƙyar wuta ke ratsa shi, domin babu abin da zai ɗauke ta.

To me ke ɗaukar ta? Gishiri, kanwa da sauran ma'adinan da suka narke. Gishiri in ya narke sai ya rabu zuwa ƙananan ƙwayoyi masu caji iri biyu, su ne ke dakon wutar daga wannan gefe zuwa wancan. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arrhenius, shi ya bayyana haka a 1884. Sukari kuwa yana narkewa amma ba ya rabuwa haka, shi ya sa ba ya ɗaukar wuta. Ruwan teku akwai gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Ruwan famfo, na rijiya, har da fiya-wata na leda, duk akwai ma'adinai a ciki. Kada sunan ya ruɗe mu. Jikinmu ma ruwa ne da gishiri, ga wutar gida kuma bolt 230.

Saboda haka, don Allah: a cire hita daga soket kafin a taɓa ruwa. Wanda ya idar da alwala ya goge hannu kafin ya taɓa makunni ko lasifikar masallaci. In ruwa ya shigo ɗaki, a fara kashe babban makunni, in dai ba sai an taka ruwan za a kai gare shi ba. Wanda wuta ta kama, a ture shi da busasshen itace, ban da hannu. Iyaye mata, ku ja wa yara kunne. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin. Wassalamu alaikum.