AMSOSHIN WASIƘUNKU: CACA CIWO CE, A NEMI MAGANI

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata baiwar Allah, wadda ta roƙi mu sakaya sunanta. Ta ce da kaka maigidanta ya kai masara buhu 12 kasuwa, amma ko kuɗin takin bana bai rage ba, duk sun tafi a cacar ƙwallo ta wayar salula. Sau uku yana rantsuwa ya daina, sau uku yana komawa. Tana tambaya: shin asiri aka yi masa?

To 'yar'uwa, Allah ya ba ki haƙuri. Abin da ke damun maigidanki jaraba ce, irin ta mai shan ƙwaya. A shekarar 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa caca a sahu ɗaya da shaye-shaye. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022.

Ga yadda abin yake kama mutum. Duk ranar da ɗan caca ya ci, ƙwaƙwalwarsa na jin wani daɗi, sai ta riƙa neman a maimaita. Ranar da wasa ɗaya tak ya ɓata masa tikiti, sai ya ce ai saura ƙiris. In an cinye shi kuma, sai ya koma neman ramuwa, nan ne jari ke ƙarewa. Ku 'yan kasuwa ku yi lissafi: wanda ya haɗa wasanni 10, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, damarsa ɗaya ce cikin 1,024. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi kaya a kan haka?

Alamomin ciwon ba ɓoyayyu ba ne. Mutum ya riƙa ƙara kuɗin da yake zubawa, ya riƙa ƙarya a kan inda kuɗi suka tafi, ya ci bashi, ya jinginar da gona ko ya sayar da tunkiyar iyali, in bai buga ba ya kasa sukuni.

Shawararmu, kada ki tona masa asiri a bainar jama'a, kunya na ƙara tura mutum ciki. Ki sami babban wansa ko limamin unguwa su zauna da shi. Kuɗin amfanin gona a damƙa wa amintacce, a cire cacar daga wayarsa. Kada a yi saurin biya masa bashi, don sau da yawa hakan share masa hanya ne. In abin ya faskara, ko ya fara maganar gajiya da rayuwa, a gaggauta kai shi wurin likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna, da Kware Sakkwato, da Maiduguri.

Masu unguwanni, malamai da sarakunan kasuwa, addini ya haramta caca, kowa ya sani, amma tsinuwa kaɗai ba ta warkar da mai ciwo. Ku tayar da maganar a masallaci da majalisa, musamman lokacin kaka da kuɗi ke shiga hannun matasa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.