Babur da Sulkensa: Kayan Kariyar da Ya Kamata Mu Haɗa wa ’Ya’yanmu



Lokacin da kwamitin shirye-shirye ya aiko mini da takardar gayyata, ya bar mini zaɓin abin da zan yi magana a kai. Na san da yawa daga cikinku sun zaci zancen makaranta zan ɗauko, tun da yake a cikinta na ƙare ƙuruciyata. Sai dai a yau ina neman izininku in yi magana a kan babur, musamman kayan da mai hawansa ya kamata ya sa daga kai zuwa ƙugu, da yadda ake zaɓen su.

Ga dalilina. Akwai wani tsohon ɗalibina, yaro mai hankali da ladabi, wanda yayansa da ke aiki a birni ya saya wa sabon babur domin ya riƙa haya yana ciyar da gida. Ranar da aka kawo babur ɗin har ni aka kira na sa albarka. Bai cika wata huɗu ba, wata ranar kasuwa da hunturu, tayar gaba ta shiga yashi ta kayar da shi, kansa ya bugi marmara. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, ya ce ba komai, har ya tura babur ɗin zuwa gida. Da dare amai ya taso masa, magana ta sarƙe, kafin a kai shi Zariya rai ya yi halinsa. Babur ɗin kuwa fitila kawai ya fasa. A wajen ta’aziyya yayan nasa ya ce da ni: “Malam, na tuna da takardun babur, na tuna da kuɗin mai, amma hular kwano ko a raina ba ta zo ba.” Wannan magana ce ta tsayar da ni a gabanku yau, domin yawancin baburan da ke yawo tsakanin Daudawa da ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, kuɗinsu daga aljihun irinku ya fito.

Ku da kuke birni kun saba da kwalta. Hanyoyin da yaranmu ke bi daban suke. Da rani akwai yashi da tsakuwar burji da ƙurar da ke rufe ido. Da damina ga taɓo, ga santsi, ga kwazazzabon da ruwa ya haƙa cikin dare. Ko da yaushe kuma ga rassan ƙaya, ga kututture, ga dabbar da za ta ɓullo daga gona ba zato. A irin wannan hanya ko gwani yana faɗuwa. Bari in yi muku lissafi irin na aji. Wanda ke gudun kilomita 30 a awa, in ya yi karo da bishiya, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin mita uku da rabi, wato daga kan soro. In gudun ya kai kilomita 50, tsayin ya kusa mita 10, kamar bene mai hawa uku. Wane ne a cikinmu zai yarda ɗansa ya diro daga nan da hula ƙube da ’yar shara?

Kada wani ya ɗauka wannan dabara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu ba su hau doki sun shiga fagen daga haka nan ba. Suna da kwalkwali, suna da sulke, suna da lifidi wanda ake cusa wa auduga a ɗinke. Sun gane cewa jiki na bukatar abu biyu: mai tauri a waje da zai hana huda, da mai taushi a ciki da zai shanye ƙarfin bugu. Kayan kariyar babur na zamani a kan wannan hikima aka gina su. A Ingila, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Hugh Cairns, wanda yana cikin waɗanda suka duba shahararren sojan nan T. E. Lawrence bayan haɗarin babur da ya yi ajalinsa a 1935, shi ya bi diddigin mace-macen masu babur, har rundunar sojan ƙasar ta wajabta wa mahayanta hular kwano a 1941. A rahotonta na 2018, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sa hular kwano yadda ya dace yana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, yana kuma rage raunin kai da kashi 69 cikin 100.

Mu fara da kai, domin shi ne gaba. Hular kwano ta gaskiya tana da sassa huɗu: ƙoƙon waje mai tauri, farin soso mai ƙarfi da kauri a ƙarƙashinsa, shimfiɗa mai laushi da ke taɓa fata, sai maɗauri. Wannan farin soso shi ne ran hular, domin shi ke murƙushewa a madadin ƙoƙon kai. In ka ɗaga shimfiɗar ciki ba ka same shi ba, ko ka same shi siriri kamar fefe, ajiye ta, kwano kawai ka riƙe. Haka kuma hular magina da ta ma’aikatan wuta ba ta babur ba ce. An yi ta ne domin abin da zai faɗo daga sama. Mai saye ya duba shaidar inganci. Wadda aka gwada bisa ƙa’idar Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ɗan ƙyalle ɗinke a jikin maɗauri, mai harafin E da lamba a cikin da’ira, kuma akan rubuta ECE 22.05 ko 22.06. Ta Amurka tana da DOT a ƙeya. Amma tun da yake masu jabu ma sun iya liƙa tambari, a haɗa da duba soson da nauyin hular da ƙarfin ɗinkin maɗauri.

Sai girma. Hular da ta yi wa mutum yawa takan fice tun kafin kai ya isa ƙasa. A ɗauki awon tela a zagaya kai daga saman gira. Galibi santimita 57 zuwa 58 shi ne M, 59 zuwa 60 kuma L. Ku da za ku saya a birni ku aiko, ku sa a auna kan yaron a gaya muku kafin ku biya. In ya sa ta, ta kama kumatu da goshi ba tare da ciwo ba. In ya girgiza kai, ta bi kan, kada ta yi rawa. A ɗaure maɗauri yadda yatsa biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa, sannan a kama ƙeyar hular a yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. In ta fita, ba tasa ba ce. Wadda ta rufe haɓa da muƙamuƙi ta fi mai buɗaɗɗiyar fuska, domin mai faɗuwa daga babur sau da yawa da fuska yake sauka. Abu na ƙarshe a nan: hular da ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ta gama aikinta, ko da ba a ga tsaga a waje ba, domin soson ba ya komawa yadda yake. Saboda haka ban ba da shawarar sayen ta gwanjo ba, tun da ba ka san tarihinta ba. Araha ba ta ado.

Na biyu, ido. Ƙurar hunturu da ƙwarin damina da tsakuwar da motar gaba ke watsowa sun kayar da mutane da yawa. In hular tana da gilashi, ya zama garau, ba mai duhu ba, saboda tafiyar magariba. In ba ta da shi, a nemi tabarau na roba mai igiya wanda ke manne wa fuska. Tabaran kwalliya na gilashi in ya fashe shi kansa makami ne.

Na uku, hannu. Duk wanda zai faɗi, tafin hannu yake fara miƙawa. Manomi ko tela ko makaniken da tsakuwa ta saɓule wa tafi ya yi makonni ba sana’a. Safar da ake bukata ita ce mai fata a tafi, mai tauri a bayan yatsu, mai maɗauri a wuyan hannu. Safar ulu ta sanyi ba ta tsare komai.

Na huɗu, gangar jiki: kafaɗa, gwiwar hannu, ƙirji da gadon baya. Ni kaina ina ɗauke da shaida. A farkon aikina na koyarwa na faɗi a wani rafi ina dawowa daga karɓar albashi, ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye, na yi zango guda ina rubutu a allo da hagu. Akwai jaket da ake yi musamman domin babur, mai aljihuna a ciki da ake zura faifan roba a kafaɗu da gwiwar hannu da baya. Akwai kuma sulken roba da ake sawa a kan singileti, mai faranti a ƙirji da wani mai gaɓa-gaɓa da ke bin ƙashin baya, wanda riga ke iya rufewa. Masu inganci suna da tambarin CE da lambar EN 1621; in an ƙara 1 a bayanta na kafaɗa da gwiwa ne, 2 na baya, 3 na ƙirji. Kowanne yana da mataki na ɗaya da na biyu, kuma na biyu ya fi shanye bugu. A wajen gwaji, mutum ya zauna kamar yana riƙe da kan babur, ya miƙa hannu, ya waiwaya. Faifan ya tsaya daidai kan gaɓa, kada ya zame. Na baya ya sauko daga gindin wuya zuwa ƙugu, kada kuma ya tunkuɗo hular. Masu tseren Dakar, wanda a da yakan ratsa Agadas ta Jamhuriyar Nijar kafin daga baya ya koma Saudiyya a 2020, gwanaye ne na duniya, amma ba mai hawa babu irin wannan sulke. In gwani bai raina ƙasa ba, ina ga ɗan koyo?

Na san abin da za a ce: zafi. Gaskiya ne, wanda aka ba jaket ɗin fata mai nauyi a watan Afrilu zai rataye shi a ƙusa. Don haka a zaɓi mai raga wanda iska ke ratsawa, mai launi mai haske, in da hali mai zanen da ke ƙyalli in fitila ta haska shi. Kariyar da yaro zai iya jurewa kullum ta fi mai tsadar da za ta kwana a ɗaki. In kuɗi bai kai a sayi duka lokaci guda ba, a bi wannan jeri: hula, safar hannu, abin ido, jaket mai faifan kafaɗa da gwiwa, sannan na baya da ƙirji.

Akwai kuma tufafinmu na gida. Hannun babbar riga, jelar rawani, gefen gyale ko hijabi, in suka shiga sarƙa ko waya, wuya suke shaƙewa su fizgo mutum ta baya. A naɗe, a tattare, a zauna a kai kafin a tayar. Wanda aka goya kuwa, mace ko yaro, kansa bai fi na direba tauri ba. Hula biyu ake saya.

Da yawanmu mun tuna abin da ya faru a watan Janairu na 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sa hular kwano. A wasu birane an ga ’yan acaɓa sun kifa ƙwarya da robar fenti, fasinjoji kuma suna gudun hular haya saboda tsoron cuta ko asiri. An yi dariya, abin ya wuce. Darasin da na ɗauka shi ne, wanda ya sa hula don tsoron jami’i zai cire ta da zarar ya bar kwalta, alhali a hanyoyinmu ba jami’in da ke tsaye, dutse da kututture ne kawai. Mai ƙyamar hular wani ya mallaki tasa, ko ya sa ’yar hula marar kauri a ciki. Saboda halin tsaro da yankinmu ya shiga, wanda ya sa ake zargin duk mai rufe fuska a kan babur, a koya wa yara su rage gudu su buɗe fuska, ko su tsaya su cire hular, in sun iso shingen jami’ai ko bakin gari. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa kuma, ina tuna musu cewa malamanmu ba su taɓa koya mana cewa dogaro ga Allah yana hana riƙon sababi ba. Mai wannan magana da kansa yana kulle shagonsa da dare.

In haɗari ya auku, kada a fizge hular, kada a lanƙwasa wuya, kada a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Duk wanda kansa ya bugu, in ya yi amai, ko barci ya rinjaye shi, ko magana ta rikice, a nufi asibiti nan take ko da ya ce ya warke. Masu ɗori suna da ranarsu a karayar hannu, amma ƙwaƙwalwa da lakar baya ba a ɗora su, kuma daga nan zuwa Funtuwa, balle asibitin koyarwa na Shika ko na ƙashi da ke Dala a Kano, tafiya ce mai tsawo ga wanda jini ke taruwa a kansa.

Daga ƙarshe ina roƙon abu uku. Na farko, duk ɗan wannan ƙungiya da zai aiko da babur gida, ya lissafa kuɗin hula biyu da safar hannu a cikin kuɗin babur ɗin, kada ya miƙa makulli sai sun cika. Na biyu, ƙungiya ta wakilta mutum biyu ko uku masu ido su riƙa sayo kaya masu inganci a sari, a sayar wa masu haya a kan farashin da aka sayo, su biya kaɗan-kaɗan. Na uku, mu dattawa da malamai da masu unguwanni mu fara sawa, domin yaro ba ya jin kunyar abin da ya ga babansa ya sa. Ni dai tawa tana rataye a kan babur ɗina a ƙofar wannan zaure, wanda ke so ya ga farin soson da na ambata ya same ni bayan an tashi.

 Allah Ya tsare mana zuriya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.