Ɗalibi da Batun da Ake Taƙaddama a Kansa: Ya Ɗauka ko Ya Kauce?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai)

 

Abin da zan yi magana a kansa shi ne darasin insha'i, musamman lokacin da malami ya ce wa ɗalibai kowa ya zaɓi batun da zai yi rubutu a kai. Kowa a nan ya san abin da yakan biyo baya. Kusan ajin gaba ɗaya sai ya tafi ga "Yadda Na Yi Hutuna" ko "Kasuwar Garinmu." Idan aka sami yaro ɗaya ya ce zai yi rubutu a kan cire tallafin mai, ko sayar da kamfanonin gwamnati, ko miƙa ayyukan ofis ga 'yan kwangila, sai a ja shi gefe a ce wannan siyasa ce, ya nemi wani. Ni a ganina, irin wannan yaro ya kamata a ja a jika.

Dalilina na farko daga wurin aiki yake. Duk wanda ya shiga aikin gwamnati a cikinmu ya san ba a taɓa kawo masa fayil a ce ya ba da labarin hutunsa ba. Abin da ake kawowa shi ne batun da mutane suka rabu biyu a kansa, a ce ka rubuta wa na gaba da kai shawara a shafi biyu, ka jera amfani, ka jera illa, ba tare da an gane jam'iyyar da ka zaɓa ba. Wannan horo kuwa a aji ake fara shi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ko a jarrabawar WAEC ma, rubutun kare ra'ayi yana cikin abin da ake tambaya.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi, wato batun miƙa ayyuka ga 'yan kwangila. A Amurka wannan magana ta yi zafi a zaɓen 2004 tsakanin George Bush da John Kerry, saboda kamfanoni suna kwashe ayyukan amsa waya da na kwamfuta suna kai wa biranen Indiya irin su Bangalore, inda albashi ya fi araha. Ɗalibinmu zai sami rubuce-rubuce masu yawa a kan haka a intanet, kuma haɗarin shi ne ya kwafo rigimar wata ƙasa ya zube wa malami. Namu salon daban ne. A gyaran aikin gwamnati na zamanin Shugaba Obasanjo, wanda ya kankama daga 2003, an mayar da alawus na gida da mota kuɗi a hannu, sannan aka cire ayyuka irin su shara da gadi da tuƙi daga hannun ma'aikatun tarayya aka ba kamfanoni. Ga batu nan a ƙofar gida, kuma da wuya a sami aji da babu yaron da abin bai taɓa wani nasa ba.

To, me ɗalibi zai rubuta? Masu goyon baya suna cewa gwamnati ta rage nauyin albashi da fansho, ta huta da sayen motoci da gyaransu, kuma ɗan kwangilar da bai yi aiki ba ana iya sallamarsa cikin sauƙi. Masu suka kuma suna cewa mai sharar da a da yake da albashi tsayayye da ƙarin girma da fansho, yanzu yana hannun wani ne da ke cire ribarsa kafin ya biya shi. Yaro mai bincike zai gano cewa an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024, amma dokar albashin ta 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Daga nan sai tambaya ta taso masa da kanta: shin mai gadin da ƙaramin kamfani ya ɗauka yana cikin waɗanda dokar ta kare? Yaron da ya kai ga wannan tambaya ya koyi abin da labarin hutu goma ba zai koya masa ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma a nan nake roƙon malamanmu su sa ido. Na farko, a taƙaita batun. "Tattalin Arzikin Nijeriya" ya fi ƙarfin shafi biyu, amma "Ribar da Asarar Ba 'Yan Kwangila Aikin Shara a Asibitoci" zai shiga. Na biyu, ɗalibi ya kawo hujjar ɓangaren da ba ya so, ya kuma kawo ta da ƙarfinta, yadda mai ita zai karanta ya ce lallai haka nake nufi. Na uku, ya bambanta abin da ya faru da abin da yake ji a ransa. Alal misali, in yana magana a kan sayar da kadarorin gwamnati, ya san cewa lasisin wayar salula da aka bayar a 2001 ya sa waya ta shiga ƙauyuka, ya kuma san cewa an miƙa kamfanonin rarraba lantarki ga 'yan kasuwa a 2013 amma kukan rashin wuta bai ƙare ba. Ya ajiye su biyun a kan sikeli kafin ya yanke hukunci. Na huɗu, ya yi magana a kan manufa, ya bar zagin mutum ko ƙabila ko addini.

Akwai kuma sharaɗin da ke wuyan malami. Yaro yana tsoron batu mai zafi ne domin yana zaton in ra'ayinsa ya saɓa wa na malam, makinsa ya tafi. Idan malami ya faɗa tun farko cewa tsarin hujja zai duba, sannan aka ga ya ba wanda ya saɓa masa maki mai kyau, to shi ke nan, tsoro ya kau daga ajin.

Kada mu manta, ƙasar nan ta taɓa buɗe irin wannan muhawara ga kowa. A 1985 gwamnatin Janar Babangida ta ce jama'a su tattauna ko a karɓi bashin IMF ko kada a karɓa. Aka yi ta yi a jaridu da rediyo, aka ƙi bashin, amma a 1986 sai ga shirin SAP ɗauke da yawancin sharuɗɗan da aka guda. Wanda aka koya wa karanta sharaɗi tun yana makaranta, ba a yi masa irin wannan shigo-shigo ba zurfi cikin sauƙi.

Daga ƙarshe, ina ba ƙungiyarmu shawara biyu. Mu sa kyauta ta shekara-shekara ga insha'in da ya fi adalci ga ɓangarori biyu, a kuma buga shi a wannan mujalla. Sannan waɗanda ke aiki a ma'aikatu da bankuna da ƙungiyoyin ƙwadago su riƙa leƙowa ƙungiyar muhawara ko da sau ɗaya a zango, yara su yi musu tambayoyi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya mai da kowa gida lafiya.