Ƙarfi a Hankali Yake Zuwa: Jawabi ga Matasa Masu Atisaye

Malamanmu, iyayenmu, ƴan uwana matasan Dakoro.

Shugabanni sun ce in yi magana a kan abin da ya cika unguwanninmu yanzu, wato ɗaga ƙarfe da gwajin kokowa. Kowa ya san irin kayanmu: sandar ƙarfe, gwangwani biyu cike da siminti, sai filin yashi bayan la'asar. Wannan abin farin ciki ne. Amma in ba mu gyara yadda muke yi ba, wasu za su ƙare da ciwon baya tun ba su yi aure ba.

Mu fara da na gaba da mu. A 1975 aka yi gasar takobi ta farko a Tawa, kuma ɗan jiharmu ne ya ɗauka, Yakuba Kantu, wanda filin kokowar Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Isaka Isaka na Doso ya ci takobi har sau 6. Isaka Dabore ya kawo wa Nijar lambar tagulla ta dambe a Munik a 1972, Alfaga kuma ya kawo ta azurfa a taikwando a Riyo a 2016. Mu dai ranar nasara muke gani a talabijin. Shekarun da suka kwashe suna atisaye, ba mai nuna mana su.

To, yaya ƙarfi ke ƙaruwa? Ka ba jiki nauyin da ya ɗan fi abin da ya saba, ka bar shi ya huta, shi kuma ya gina kansa. Kun gane, a lokacin hutu da barci ne tsoka ke girma. Saboda haka tsokar da ka wahalar yau, ka ba ta kamar kwana biyu kafin ka koma mata. Ga wani abu kuma: tsoka tana rigan jijiya da gaɓa yin ƙarfi. Shi ya sa za ka ga yaro hannu ya kumbura cikin wata uku, sai kafaɗa ta ba shi kunya.

Auna ci gaba ba ya buƙatar kuɗi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jarka mai lita 25 ta ishe ka ma'auni: fara da lita 10, in ka iya ɗaga ta sau 12 bayanka a miƙe, ƙara lita ɗaya ko biyu. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta rana, nauyi da adadi. Madubi yana yaudara, abokai suna zuga, littafi kuwa gaskiya zai faɗa maka. Abinci ma yana gida: wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai, fura da nono. A watannin Afrilu da Mayu, ku mai da atisaye bayan asuba, ku sha ruwa sosai.

Sai batun gwaji tsakanin abokai, inda aka fi jin ciwo. Ɗan uwa, wanda ya ba ka jikinsa ka koyi kamu da shi, amana ya ba ka. Ku daidaita nauyi, kada mai kilo 85 ya kama yaro mai kilo 55 da sunan wasa. Ku tsince duwatsu da ƙaya daga filin. Ku yarda tun farko da irin ƙarfin da za a sa, kuma a samu babba ɗaya wanda in ya ce a tsaya, an tsaya. Wanda kansa ya bugu har ya ji jiri ko amai, atisayensa na ranar ya ƙare, a kai shi likita. Kada ku ce ya daure.

Maganar ƙwaya kuma, ba zan ɓoye ba. Taramol ba ya ƙara ƙarfi. Ciwo yake rufewa, ka ci gaba da lalata gaɓar da ke neman hutu, ga kamun jaraba, ga jijjiga irin ta farfaɗiya. Mai ba ka shi kafin kokowa ba masoyinka ba ne.

Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi (SAW) ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi, kuma shi ne ya sanar da mu cewa ƙarfin gaske yana wajen mai danne fushinsa. Don haka in an kayar da kai, ka tashi ka kakkaɓe yashi ka miƙa hannu. In kai ka kayar, ka tayar da shi, gobe ma da shi za ka koya.

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne a tsayar mana da ranakun atisaye, a nemo tsohon ɗan kokowa ya riƙa duba mu, a kuma tashi kafin kiran magariba.

Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa ƙarfinmu ya amfani iyayenmu a gona da gida. Wassalamu alaikum.